Ƙarfen Zaɓe a Hannun Cindo

Ku ajiye abin da ke hannunku ku juyo nan. Shari'a ce ta zo muku har gida, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A wani gari da layin dogo ya ratsa ta tsakiyarsa akwai unguwanni takwas, kowace da ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa. Fili ɗaya gare su, bayan makarantar firamare, jar ƙasa da tsakuwa, wanda ya faɗi a kai sai ya bar mata fata. Da an gama girbi suke buɗe gasa, su yi ta bugawa har ruwan farko ya sauka. Wannan shi ne kaka ɗaya a wurinsu.

Da can sayen 'yan wasa ake yi. Sai wata shekara wani mai kanti ya janye ɗan wasan gaban wata unguwa da babur, ana saura kwana biyu wasan ƙarshe. Aka yi faɗan da sai da aka kwashi mutum bakwai zuwa asibiti, hakimi ya hana ƙwallo a garin shekara biyu cur. Da aka yi ta roƙo ya yarda a dawo, dattawan unguwannin suka zauna suka kafa doka, suka ce daga ranar ko sisi ba zai sake shiga tsakanin ƙungiya da ɗan wasa ba.

Ga yadda suka tsara. Kowace ƙungiya suna goma sha takwas take rubutawa, ba ƙari. Wanda aka rubuta, nata ne har kaka uku. Idan ukun ta cika ya zama mai 'yancin kansa, ya zauna ko ya tafi inda ya ga dama, ba mai riƙe masa riga. Amma ƙungiyar da ta ɗauke shi sai ta ba da diyya, kuma diyyar ba kuɗi ba ce. Akwai ranar zaɓe, Asabar ɗin da ke gaban buɗe gasa, ranar da ake jera samarin da suka isa buga wasa, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. An ƙera ƙarafa takwas masu faɗin tafin hannu, kowace ƙungiya da nata, kuma sai mai ƙarfe a hannu yake zaɓa a zagayen farko, inda ake kwashe na kirki. To, wadda ta ɗauki mai 'yancin kansa sai ta miƙa ƙarfenta na wannan shekara ga gidan da ya mai da mutumin ɗan wasa. Wannan gida ya zaɓa sau biyu, ita ta tsaya kallo. Idan kuwa aka busa usur ranar zaɓe ƙarfen bai shiga hannun mai shi ba, ƙaurar ta ɓaci, ɗan wasan ya zauna a waje kaka guda, ba nan ba can.

Dokar ta yi shekaru ba ta ba kowa ciwon kai ba, don a garin nan inda aka haife ka nan kake bugawa har gwiwa ta ƙi. Wanda ma zai tashi, gida ɗaya ya sani. Dattawan ba su taɓa kawowa a ransu za a yi mutumin da zai ratsa gida uku ba. Sai ga Cindo.

Cindo da yatsu shida aka haife shi a hannun dama, can sunan ya samo asali. Yana da shekara goma sha tara bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba. Aikinsa sauke kankana a bakin kasuwa: wani na kan mota yana jefowa, shi yana ƙasa yana cafewa. Wata rana Malam Nomau, tsohon mai duba layin dogo, wanda shi ne kocin ƙungiyar Tasha, ya tsaya sayen goro, sai ya manta da goron. Ya ga an jefo wata a karkace, saurayin ya miƙe a iska ya tare ta da hannu ɗaya ya ajiye ta kamar ƙwai. Ya tsaya har aka sauke motar kaf, ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba.

Ya ce, "Kai, wa ya koya maka cafe?"

Cindo ya ce, "Maigidana, Baba. Ya ce kowace ta fashe, kaina ne zai bi bayanta."

Malam Nomau ya ɗauke shi ranar zaɓe, mutane suna dariya. Kuma dariyar da gaskiyarta, don cafe kankana daban, tsaron raga daban. Cindo bai san inda zai tsaya ba, bai san lokacin fita ba, bai iya faɗuwa ba. Kakar farko ƙwallo arba'in da ɗaya ta shige shi. Tsohon bai gaji ba. Ya ɗaura igiya a turakun raga biyu ya ja ta zuwa inda ƙwallo take, ya nuna masa inda zai tsaya ya toshe hanya. Ya kai shi tarin ɓuntun shinkafa bayan injin casa, ya sa shi ya yi ta faɗawa dama da hagu har jikinsa ya koyi sauka ba tare da ya nemi shawarar kansa ba. Ya riƙa tsayawa bayan katanga yana jefo masa ƙwallo ba sanarwa. A kaka ta biyu mutane suka daina dariya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin Cindo akwai gola a Tasha, kuma Lawwali ne, ɗan Malam Nomau na cikinsa. Uban ya dube su duka biyu ya ga wanda ya fi, ya zaunar da ɗansa. Lawwali ya haɗa kayansa ya yi kudu. Har yau idan ya bugo waya uwarsa yake nema, ya ce a gaida mutanen gida.

A tsakiyar kaka ta uku Cindo ya faɗa kan ƙwallo, wani ɗan wasan gaba ya sauka da takalmi a kan tsintsiyar hannunsa ta dama. Waɗanda ke bayan raga sun ji ƙarar. Aka kai shi wurin wani mai ɗori a ƙauye, aka ɗora a karkace, hannun ya warke a lanƙwashe, ko kofin shayi ba ya riƙewa. Gasa kuwa ba ta jira kowa. Malam Nomau ya duba takardarsa, suna goma sha takwas, ɗaya ba ya motsi. Ya ɗauki biro ya goge Cindo ya sa wani. Ba wanda ya yi zancen diyya, don ba a biyan diyyar abin da aka yar.

A nan Inna Tabawa ta shigo. Mai waina ce a unguwar 'Yan Kuka, mijinta ne ya kafa ƙungiyar unguwar, da ya rasu ƙannensa suka zo karɓa ta ce ba ta san zancen ba. Ɗori kuwa gado ne a wurinta, ubanta bai bar ɗa namiji ba sai ya koya mata. Ta ga Cindo ya zo sayen waina yana miƙa kwano da hagu, ta ce ya nuna mata ɗayan. Ta juya shi, ta latsa, ta tsuke baki. Washegari ta tasa shi gaba aka ɗauki hoton ƙashin, ta ɗaga hoton a rana ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wanda ya ɗora maka wannan, ko ƙafar kujera bai kamata a ba shi ba. Sai an sake karyawa. Za ka iya?"

Ya ce, "Inna, in ba zan iya ba fa?"

Ta ce, "Sai ka koyi bara da hagu."

Aka sake karyawa, ta ɗora da hannunta. Wata uku hannun na cikin kara. Da aka kwance ta sa shi matse tsumma jiƙaƙƙe, daga nan dama ƙullu, daga nan jan ruwa a rijiya da ƙaramin guga, sannan da babba. Amma gyaran ƙashi rabin aikinta ne. A dokar gasar, wanda ya yi kaka guda cur sunansa ba ya kan takardar kowa ya fita ke nan, don ranar zaɓe ta samari ce, shi kuwa ya wuce shekarun. Inna Tabawa ta sa aka rubuta Cindo a cikin sha takwas ɗinta. Kaka biyu ƙungiyarta na buga wasa da mutum goma sha bakwai da wani mai jan guga. A ta biyun suka kai wasan kusa da na ƙarshe, zazzaɓi ya kwantar musu da mutane, wasu suka ji ciwo, aka waiwaya benci ba wanda za a sa, aka fitar da su. Mazan unguwa suka yo gayya har bakin tandarta, ƙannen mijin a gaba, suka ce ta goge gurgun hannun nan ko ta ba da ƙungiya.

Ba ta ko ɗago daga juya waina ba. Ta ce, "Takardar tana ƙulle a haɓar zanina. Wanda ya isa ya zo ya kwance."

Ba wanda ya isa.

Hannu ya warke sarai, har ya fi na hagu ƙarfi. Sai aka tarar da wata karayar da ba ta fito a hoto ba. Da ɗan wasa ya nufo shi da gudu, sai Cindo ya runtse ido ya kai hannun dama bayansa. Shi kansa bai san yana yi ba. Inna Tabawa ta gwada shi a atisaye sau da yawa, ta ga abin ya fi ƙarfin ɗori. Ko minti ɗaya bai buga mata a gasa ba. Labari ya bazu cewa golan Tasha na da ya zama matsoraci, ba ƙungiyar da ta ko tambayi lafiyarsa.

Sai Sallau, mai walda, kyaftin ɗin Maƙera kuma mai tsaron bayansu, wanda shi ke horar da su. Sa'an Cindo ne, tun suna yara suke dambe a bakin rafi. Ya je ya durƙusa gaban Inna Tabawa ya ce ta ba shi mutumin. Ta ce me zai yi da shi. Ya ce zai sa shi a raga ranar buɗe gasa. Ta dube shi ta ga ba wasa yake ba, ta sa aka goge sunan da yardarta, Maƙera suka rubuta. Nan ma ba wanda ya yi zancen diyya.

Wasan farko aka zura wa Cindo biyar. 'Yan Maƙera suka yi ta jifansa da ledar ruwa. Sallau ya tsaya tsakiyar fili ya ce da su duk ranar da aka cire golan nan shi ma ya ajiye riga. Kowace safiya kafin ya buɗe shago yakan kai shi fili, ya ajiye ƙwallo tsakaninsu, ya taho a guje kamar zai tattake shi, ya tsallake a taku na ƙarshe. Sau hamsin, sau sittin. Yana yi yana tsokana: "Mai shida, buɗe ido, ba amarya ba ce kai." A hankali idon ya fara buɗewa, amma hannun bai daina gudu baya ba.

Da ƙyar da jan ciki suka kai wasan ƙarshe. Ana saura minti goma aka yi cunkoso a bakin raga, Cindo ya faɗi, hannun dama a kan ƙwallo, ga takalmi yana saukowa daidai inda na farko ya sauka. Sallau ya jefa ƙafarsa tsakani. Gwiwarsa ta juya inda gwiwa ba ta juyawa. Cindo yana kwance yana kallo, ido buɗe. Da aka ɗauke Sallau ya miƙe, kuma daga wannan lokaci ba a sake ganin hannun nan a bayansa ba. Aka tashi canjaras, aka je bugun fenariti, ya tare uku. Maƙera suka ɗauki kofi, suka sake ɗauka a kaka ta uku. Sallau bai ƙara taka ƙwallo ba. Yanzu a zaune yake walda, ƙafar a miƙe kan bulo.

To, kaka uku ta cika. Cindo na da shekara ashirin da bakwai, sunansa ya wuce garin. Ƙungiyar Sabuwar Unguwa, ɗaya daga cikin takwas ɗin, wadda aka gayyata gasar jiha a shekarar, ta neme shi. Can a kan ciyawa ake bugawa, gaban mutanen da ke neman 'yan wasa, kuma ya san irin wannan ƙofa ba ta buɗe wa mai shekarunsa sau biyu. Ya ce ya yarda. Mutanen Sabuwar Unguwa ba su yi gardama ba, suka kawo ƙarfensu suka ajiye a kan teburin kwamitin gasa, ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Hannu uku suka miƙo.

Kuma ba kwaɗayi ne ya miƙo su ba. 'Yan wasan Tasha sun tsufa, shekara biyu suna ƙarshen tebur, Malam Nomau ya san in bai samu jini sabo ba ƙungiyar za ta riga shi mutuwa. 'Yan Kuka mutum bakwai suka tafi haƙar zinariya suka bar ta, ƙannen miji na gefe suna jiran ta faɗi. Maƙera kuwa sun rasa mai tsaron baya, ga gola zai tafi, zaɓi ɗaya ba zai toshe rami biyu ba.

Alhaji Mati, shugaban kwamiti, ya yi zama uku a kan maganar. Wani ya ce a yanka ƙarfen uku, aka ce masa saurayin da za a zaɓa shi ma a yanka shi uku? Wani ya ce a ba kowa shekara ɗaya bi da bi, Sabuwar Unguwa suka ce ƙarfe ɗaya doka ta ce, ba su da na biyu. Wani ya ce a jefa ƙuri'a. Inna Tabawa ta ce, "Shekara biyu na yi ina ɗori, ba caca ba." Wasu suka ce ai gida na ƙarshe shi ne gida, wasu suka ce na ƙarshe ya riga ya sha romonsa, kofi biyu ba wasa ba ne. Wasu suka ce wanda ya goge suna da hannunsa ya sallama, aka ce to ai biyu ne suka goge, kuma ɗaya don alheri ta goge. A zama na uku, ranar Laraba, Alhaji Mati ya gaji. Ya tura ƙarfen gaban Cindo.

Ya ce, "Kai ka san wanda ya yi ka. Ranar Asabar ka miƙa wa mai shi kafin in busa."

Cindo bai taɓa ƙarfen ba. Ya ce, "Alhaji, ranar da kuka zauna kuka rubuta dokar nan, kun kira ɗan wasa ko ɗaya?"

"Ba a kira ba."

"Ku kuka rubuta, ta fi ƙarfinku, sai ku ɗora mini? Kun ce na zama mai 'yancin kaina. Wane irin 'yanci ne wannan, da sai na watsa wa mutum biyu ƙasa a ido kafin in taka fili?"

Alhaji Mati ya ce, "Akwai hanya mai sauƙi, ɗana. Ka yi zamanka a Maƙera, kowa ya koma gida da mutuncinsa."

Cindo ya ce, "Sau uku ana ɗaukata ana saukewa kamar buhun masara. Ban ce ba a yi mini alheri ba, amma ba a taɓa tambayata ba. Wannan karon da ƙafata zan tafi. Kuma ba zan zauna a waje ba, ko da minti ɗaya."

Ya ɗauki ƙarfen ya jefa a aljihu ya juya, bai yi sallama ba.

Baƙin cikinsa bai hana shi tunani ba. Ya ce a ransa, cikin mutum uku da suka so shi haka, ba za a rasa biyu da za su janye don su sauƙaƙa masa ba. Ranar Alhamis ya fara da Malam Nomau, ya same shi a ƙofar gida yana ɗinke tsohuwar raga. Ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Tsohon ya ce, "Ka zo ka tuna mini na goge sunanka?"

"Ban ce ba, Baba."

"Ka ce mana. Na goge, kuma da za a koma ranar zan sake gogewa, don ba kai kaɗai aka ba ni amana ba. Amma ka gaya mini, mutum nawa ke karya hannu a garin nan kowace shekara? Wa ya san sunansu? Naka aka yi wa kuka saboda abin da na zuba a cikinsa. Ita Tabawa gola ta ɗora, ba mai sauke kankana ba. Shi Sallau gola ya tare wa takalmi." Ya ja zare ya ƙulle. "Ba na janyewa. In na janye, me zan ce na kori Lawwali a kansa?"

Daga nan ya wuce 'Yan Kuka. Inna Tabawa ba ta bari ya gama gaisuwa ba, ta ce ya miƙo hannun. Ta latsa tsintsiyar da babban yatsa.

"Yana maka tsami in an yi sanyi?"

"Kaɗan, Inna."

"Zai yi. Zauna ka ci waina." Ya zauna, ya fara magana, ta katse shi. "Na san abin da ya kawo ka. Ka ji da kyau. Ban ɗora hannunka don a ba ni ƙarfe ba, da babu doka ma zan ɗora. Amma Nomau tukunya ya gina, ta fashe, ya share ta waje. Sallau kuwa a hannuna ya karɓe ka da suna a takarda. Da na goge ka ranar da aka zo mini gayya, ina zai samu wanda zai sa a raga? Su biyun duk sun ga ka tare musu ƙwallo. Ni ban taɓa gani ba. In kuma na janye yanzu, waɗancan da ke jira za su ce dama mace ce, an yi mata wayo shekara biyu ta tashi hannu wofi. Ba za su faɗa a kaina ba."

Ya bar Sallau sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don shi ne ya fi masa nauyi. Ya tarar da shi ya ɗaga gilashin walda zuwa goshi yana shan ruwa.

Sallau ya ce, "Mai shida, an zo duba gurgu?"

"An zo neman alfarma."

"Babu. Zauna dai." Cindo ya zauna kan wata tsohuwar taya. Sallau ya ce, "Ban hana ka tafiya ba. Da ni ne ma zan tafi. In ka je ka tare musu har su rasa inda za su sa kansu. Amma na ji ana cewa na ci kofi biyu, wai an biya ni. Je ka ɗauko kofunan ka ɗaura mini a gwiwa mu ga ko zan yi gudu." Ya yi 'yar dariya, shi kaɗai. "Baba Nomau ya koya maka, Inna ta gyara ka, ban musa ba. Sai dai abin da suka miƙo mini ba wanda ya so shi ko kyauta. Mutumin da Sabuwar Unguwa ke ba da ƙarfe a kansa, a gabana aka haife shi. In na janye, yaran da na ce su bi ni su sha jifa saboda kai, da wane ido zan dube su?"

Cindo ya ce, "Wato duk cikinku ba mai tausayina."

Sallau ya sauke gilashin kan fuskarsa. Ya ce, "Tausayinka ne ya kawo mu nan."

Asabar ta zo. Tun hantsi fili ya cika, har kan katangar makaranta mutane ne. Samarin zaɓe na jere a tsakiya, ƙungiyoyi kowace a gefenta. Aka ajiye benci ɗaya gaban teburin kwamiti, mutum uku a kai, ba mai kallon wani: tsoho da hularsa a gwiwa, mace da mayafinta ɗaure a ƙugu, mai walda da ƙafa a miƙe. Alhaji Mati ya duba agogo, ya sa usur a baki.

Cindo ya fito daga cikin taro. Wasu na kiran Tasha, wasu 'Yan Kuka, wasu Maƙera, bai waiwayi kowa ba. Ya riga ya gama da abu ɗaya a ransa: zai buga kakar nan, kuma ya san mutum biyu a kan bencin can ba za su sake dubansa kamar da ba. Ya ratsa filin a tsaye, ba sauri ba sanɗa. Saura taku uku ya tsaya, ya zaro ƙarfen daga aljihu, ya ɗaga shi yadda kowa zai gani, ya miƙa hannu.

Nan labarin ya tsaya, kuma da gangan aka tsayar da shi. Kada wanda ya ce a raba, an riga an gwada. Kada wanda ya ce ya jefar ya tafi, don in ya jefar shi zai zauna a waje, su ukun kuma su tashi a banza. Kada kuma wanda ya fake da cewa dokar ce ba ta da kyau. Ba ta da kyau ɗin, amma ita ce a ƙasa, usur kuma yana baki.

To, ku da kuka ji komai, tsakanin Malam Nomau da Inna Tabawa da Sallau, hannun wa ya cancanci ƙarfen nan ya shiga?